Ranar da na ɗaga hannu a kan keke

Ko zan manta da komai na zamana a Jimeta, ba zan manta da Asabar ɗin da na kusa baƙuntar lahira a kan keken aro ba.

Lokacin ban daɗe da kwaso iyalina daga Maiduguri ba, saboda tashin hankalin da ya hana mu barci, muka kama haya a Limawa. Maƙwabcina wani malamin firamare ne, Kirista daga kudancin Adamawa, mutum mai ban dariya da ba ya raba mace da namiji a Hausarsa. Shi ya dame ni: “Mutumin Borno, matarka ya ce kullum kana ɗaki kana tunani. Gobe za mu zaga gari da keke, ka sha iska.”

Na ce masa rabona da keke tun ina sakandare. Ya ce ai ƙafa ba ta mantuwa. Ya aro mini wani tsohon keke mai kukan ƙofa, muka fita da sassafe.

Gaskiya tafiyar ta yi daɗi da farko. Muka miƙe hanyar Yola, shi a gaba yana fito, ni a baya ina haki, babbar rigata na cika da iska. Wai ni da babbar riga na fita motsa jiki! A Wuro Hausa muka huta a gindin wata bishiya, ya yi ta zuba Fulatanci da wata mai nono yana ce mata Adda, wato yaya, ta ƙulla mana kindirmo a leda biyu. Na jefa a jakar da na rataya a baya, muka juyo.

A hanyar dawowa ne muka tarar da shingen sojoji a ƙarshen wata 'yar gangara. Dokar lokacin, mai keke ya sauka tun daga nesa ya tura. Abokina ya dira abinsa. Ni kuwa, ina hango kakin nan da bakin bindiga, sai jikina ya yi abin da ya saba. A unguwarmu ta Maiduguri, in ka doshi soja hannu biyu kake ɗagawa sama, ba ka jira a ce maka. Wallahi ban san lokacin da na saki kan keken ba. Sai ga ni hannuwa a sama, ƙafafu a warwatse, keke na gangarawa da ni kai tsaye wajen buhunan yashinsu, ina kabbara da ƙarfi.

Ku duba fa yadda na bayyana gare su: ƙato mai gemu, riga a kumbure, jaka a baya, yana kabbara yana tahowa a guje. Ni ma da ni ne sojan, da na harba.

Na ji ƙarar ɗana bindiga, na ji ana ihu, “Tsaya! Tsaya nan!” Masu tallan rake suka watse. Ni dai na ce shi ke nan, na tsere wa mutuwa a can ta biyo ni nan. Keke ya daki buhu, na yi sama na faɗo rigingine a kan jakar, wani abu ya fashe fus! Kowa ya kwanta a ƙasa.

Mutum ɗaya ne bai kwanta ba. Abokina ya yar da kekensa ya shigo tsakanina da bindigogin yana ihu: “Oga, kar ka harba! Maƙwabcina ne! Bai iya keke ba ne kawai! Nono ne, nono ne ya fashe!”

Wani soja ya matso a hankali ya leƙa. Kindirmo na tsiyaya daga wuyana har cikin wando, hannuwana kuma har yanzu suna sama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Baba, daga Maiduguri kake?”

Na ce, “Eh, ranka ya daɗe.”

Ya sauke bindigarsa. “Na yi aiki a can, na gane hannun. Sauke su haka, nan ba can ba ne.”

Sauran suka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Ni ma na so in yi, sai hawaye suka riga ta fitowa. Wata huɗu ina Jimeta, babu wanda ya taɓa gaya mini wannan maganar.

Da ƙafa muka ƙarasa gida, muna tura kekuna, ƙudaje na rakiyata. Abokina bai bar ni na huta ba har ƙofar gida: “Ka ce rabonka da keke tun sakandare, ashe har wasan sakin hannu ka iya!”

Abin da na koya a ranar shi ne, mutum yana iya kwashe iyalinsa da kayansa ya bar garin da ya firgita, amma tsoron yana maƙale a jikinsa, sai ya zauna ya lallashe shi kafin ya yarda an tsira. Ni sai da na yi shekara kafin hannuwana su yarda. Kafin nan kuwa, duk inda na hango shinge, sai in fara sauka daga keke tukuna, sannan in ɗaga su.