Inda Rediyon Labbo Ke Ɗaukewa

A gaɓar Kwara, yamma da Bagudo, akwai wani masunci da ake kira Labbo. Ba shi da yawan magana. Tun da wayar hannu ta iso ƙauyensu, 'yan shekaru bayan an kawo Shari'a, ba a ganinsa sai da igiyar sauraro a kunne, yana jin rediyo ta cikin wayar, hannunsa na kan taru.

Ƙaninsa Ma'azu shi ne mai nisan kiwo. Yakan tuƙa kwalekwale ya haura can ɓangaren Benin, inda ya ce kifi bai san wayo ba tukuna. Akwai wata giginya a bakin ruwa, daidai inda waya ke sakin sabis ɗin Benin ta kama na gida. Sai suka yi yarjejeniya: in Ma'azu ya kawo giginya zai kira ya katse. Labbo ba ya ma duba wayar. Kira na shigowa rediyo kan ɗauke kamar an ja numfashi, sannan ya dawo. Sai Labbo ya leƙa ta kan danga ya ce wa matar ƙanin nasa, "Asama'u, aza tukunya. Mutumin naki ya ƙetaro."

"Yaya, ko dai kai ne ke jin yunwa?" in ji ta, tana dariya.

Haka aka yi shekaru, tuwo bai taɓa hucewa ba.

Wata damina ruwa ya cika har ya ci gonakin shinkafa. Wata rana Ma'azu ya haura Benin, shi kuwa Labbo ya bi kifi ya yi yamma fiye da yadda ya saba. Yana cikin jan taru, rediyo ya ɗauke ya dawo. Ya juya gida ya ce wa Asama'u ta aza tukunya. Ta aza. Tuwon nan ya huce a akushi.

Da gari ya waye masunta suka fito neman Ma'azu. Suka tambayi Labbo daga ina za a fara. Ya ce daga giginya zuwa ƙasa, tun da ya riga ya ƙetaro. Nan aka bi, lungu-lungu, har ciyawar ruwa aka ɗaga. Ba wanda ya haura sama. Aka kai cigiya gidan rediyo, Labbo ya ji sunan ƙaninsa a cikin kunnensa, tsakanin sanarwar ɓatan saniya da gaisuwar biki.

Bayan ruwa ya janye, ya je kasuwar Kamba, ya miƙa wa wani mai gyara wayarsa. Mutumin ya latsa, ya latsa, ya ce, "Baba, ranar nan ba kiran da ya shigo. Saƙo ne kawai, da Faransanci. Mutanen Benin ke yi maka barka da zuwa. In ka matsa kan iyaka waya kan sake uwar ɗaki, saƙon ya katse rediyo."

Labbo ya karɓi wayarsa ya yi godiya. A hanya bai sa igiyar a kunne ba.

Abin da ya ji a Kamba, a Kamba ya bar shi. Ita kuwa Asama'u ta riƙe kalma ɗaya: ya ƙetaro. Wanda ya ƙetaro yana ƙasarmu, ƙila ya bi wata hanya, ƙila an tsare shi wani wuri. Alƙali ya ɗiba mata wa'adin da ake ɗibar wa matar wanda ya ɓata, wa'adi ya cika, ta ƙi komawa wurinsa. Ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji. Kullum da la'asar takan ƙara gari kaɗan a tukunya. Mahaifiyarta, Goggo, ta zo daga Kurgu ta yi magana har ta gaji.

Labbo ya tsufa a cikin waɗannan shekaru fiye da ƙidayarsu. Duk sanda rediyo ya ɗauke, sai a ga ya waiga wajen ruwa.

Wata safiya ya tsaya bakin danga ya ce, "Asama'u, ɗauko mayafinki. Ki raka ni."

Ya tuƙa da ita suka yi yamma. Da suka doshi giginya ya cire igiyar daga kunnensa ya miƙa mata. Ana karanta farashin hatsi. Tana cikin ji, muryar ta ɗauke, ta dawo.

Ta zabura har kwalekwalen ya karkata. "Yaya, shi ne! Duba mini!"

Ya juya mata fuskar wayar. Hoton ambulan ne kaɗai, alamar saƙo.

"Haka take yi a nan," in ji shi a hankali. "Ko ba kowa. Ranar ma nan nake."

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke gangarowa daga sama, inda ba a nema ba. Ba ta tambaye shi tun yaushe ya sani ba. Ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane.

"Mai da ni gida," ta ce. "Gobe ka kai ni wurin alƙali."

Labbo yana nan har yanzu, yana saƙar taru a inuwa. Rediyo mai batir ya saya, irin na da. Wayar tana rataye a ɗaki, kuma bai taɓa bari ta mutu ba.