Kiri-kirin Malam

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, kuma har yau in aka yi sallama a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Ni ban yi karatun boko ba. Autata Binta ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata ko ta ga ina hawaye kada ta tsaya.

Duk wanda ya san Malam a Kura ya san ba shi da abokin gaba sai kiri-kiri, ciyawar nan mai rarrafe da in ka tsinke ta nan sai ta ɓullo can. Tun da aka kawo mana ruwan kanal na noman rani take shiga masa gonar tumatir. Ya tone ta, ya ƙone ta, ya zage ta har sai da liman ya yi masa nasiha.

Shekarar da tumatir ya ruɓe mana a kwanduna, wani ɗan'uwansa ya samo masa aiki a birni, a filin da manya ke buga 'yar farar ƙwallo da sanda, wai golf. Juma'ar da ya fara dawowa gida ya ƙi cin tuwo. Da na matsa masa sai ya rage murya ya ce, "Uwar Binta, kin san abin da suke shukawa a wurin nan? Kiri-kiri. Ni aka ba ban ruwanta. Har aski ake mata."

Aikinsa shi ne ya tsare ta a kewayen ramin da ƙwallon ke faɗawa, ya cire mata aya-aya, ya yanke gefe kada ciyawar banza ta kutso. A majalisa kuwa cewa ya yi gadi yake yi.

Ba a shekara ba sai ga shi da kiri-kirin a cikin hula. Ya dasa a tsakar gida kusa da rijiya, daidai faɗin tabarma. Duk Juma'a ya ɗauki almakashina ya yi mata aski, ya zagaye gefenta da wuƙa. Na ce, "Malam, ba wannan kake tsine wa ba?" Ya ce, "Ashe ba mugunta ba ce, rashin mafaɗi ne." A kanta yake nafila, a kanta yake kishingiɗa. Akuyata ta taɓa kai baki, sai da na yi mata ceto.

Bayan rasuwarsa ta rasa mafaɗi. Ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shiga irin tumatir ɗin maƙwabcinmu Malam Audu. Ya yi sallama ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, amma ciyawarsa ta shigo mini." Babban ɗana ya ce, "Inna, yanzu feshin maganin ciyawa ake yi, ki bari in gama da ita." Na ce ba da raina ba.

Nakan yi tunanin abin da Malam zai ce da noman yau, kowa da tankin feshi a baya kamar mai goyo, ba mai sunkuyawa. Na san dariya zai yi, ya ce su jira.

Bara na je suna Madobi, na dawo na tarar an fesa. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi jawur. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar ranar da aka fita da gawar Malam. Babban ɗan nawa ya kasa haɗa ido da ni har damina ta kusa.

Ruwan farko ya sauka. Wata safiya yaron ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya cire hula, ya ce, "Inna, ta dawo." Na leƙa, ga ta nan kore shar, har ta fi da faɗi. Dariya ta kama ni ina hawaye. Ubansa da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da ita bai iya ba, sai shi da tanki?

Malam bai bar shanu ba, gonar ma an raba. Abin da ya rage mini shi ne wuƙarsa da wannan tabarma mai rai, mai taurin kai irin nasa. Yanzu ni ke zagaye gefenta duk Juma'a, gwiwa na ƙara, yaron na riƙe da almakashi. Malam Audu ya ce har yanzu tana leƙo masa. Na ce ya yi haƙuri, gaisuwa ce.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya sa makwancinka ya fi ta laushi.