Kwalaben Kawu Bukar

Ƙarfe huɗu na yamma, ranar sadakar ukun Kawu Bukar, muna zaune a zaure a Fagge, ni da liman da Madam Ngozi ta Sabon Gari. Kowa ya zo ta'aziyya, ita kuwa ta zo tambayar ranar da za a kwashe kwalabe daga firjinta.

Bari in bi abin daki-daki.

Na farko, Kawu malamin kimiyya ne mai ritaya, kuma yana kiwon bakteriya a cikin kwalabe yadda wasu ke kiwon tattabaru. Ya ce a jikinsu akwai wani abu, enzayim, da ke ɗaukar oksijin guda ya cusa shi daidai gefen sinadarin da ake kira kiton, bai taɓa ko'ina ba, alhali asid mai ƙarfi sai ya ƙone har abin da ba a aike shi ba. Da wannan yake auna kowa. Ranar da wanzami ya yanke masa kunne, ko tsawa bai yi ba. Ya ce, "Dabbobina ba su da ido, amma sun san inda za su taɓa. Kai da idonka biyu fa?"

Na biyu, ranar ɗaurin aurena ya tsaya a Rijiyar Lemo da babbar riga, ya durƙusa bakin kwata yana ɗibar taɓo, wai sabon iri ya hango. Waliyyina ke nan. Sai da liman ya jira shi ya wanke hannu.

Na uku, da wuta ta daina zuwa unguwarmu, ya ɗauki adaidaita, shi da kwalabensa a kan cinya, har shagon lemon Madam Ngozi mai janareta, ya ajiye su a firjinta. Mijinta ya taɓa buɗe ɗaya, ya ɗauka kunun aya ne. Muka tambayi Kawu ko da matsala, ya ce, "Sosai. Ya bar murfin a buɗe."

Da ciwo ya tsananta ya kira ni. Na matso ina jiran wasiyya. Ya ce, "Kada ka bari su ji yunwa."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa rahama ta same shi daidai inda yake bukata.

Madam Ngozi ta yi kuka, amma ta ce Kirsimeti ta gabato, lemo na bukatar wuri. Ni ɗan kasuwar Kwari ne, atamfa na sani. In kun san ɗalibin kimiyya mai firji da haƙuri, ku turo mini shi tun suna da rai.