Laftof ɗin Baba da Aikin Awa Ɗaya

Ni na saya wa Baba laftof ɗin, shekarar da ya ajiye aikin malamin gona. Ya daɗe yana son rubuta abin da ya gani a gonakin Kademi: irin geron da aka daina shukawa, da sunayen tsofaffin manoman da suka koya masa abin da bai samu a makaranta ba. Amma idonsa ya yi rauni. Saboda haka duk Asabar sai in taso daga Gaya, inda nake koyarwa, mu zauna a rumfar tsakar gida. Yana faɗa ina rubutawa da biro a littafin 'yan makaranta, daga baya in buga a kwamfuta. Shekara biyu muna haka.

Ƙanena, autanmu, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Ajingi, kuma ba ya leƙo gida sosai. Wata Asabar ya tarar da mu muna aiki.

"Yaya, kin taɓa yi wa kwamfutar nan ajiya?"

Na ce ina tura rubutun cikin filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, idan na tuna. Ya ce ba wannan yake nufi ba. Ya ciro wani faifan ajiya mai girman tafin hannu ya jona, ya ce zai kwafe komai, har da babbar manhajar da ke tayar da kwamfutar, yadda ko ta mutu za a dawo da ita kamar yadda take yau. Awa ɗaya abin ya ɗauka. Ya ci dambu, ya saka faifan a aljihu, ya hau babur ɗinsa.

Bayan wata huɗu, ana tsakiyar noman farko, laftof ta ƙi tashi. Sai allon ya yi shuɗi, ta mutu, ta sake kunna kanta. Na kai wa mai gyara a Gaya, ya ce faifan cikinta ya lalace, sai dai a sa sabo, kuma babu abin da zai fito daga tsohon. Filas ɗina kuwa na ara wa wata malama tun tuni, ta goge shi ta zuba jarrabawa. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce, "Uwata, kira min auta." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Auta ya zo da sabon faifai ya sa, ya jona nasa na ajiya, ya danna abubuwa biyu uku, ya tafi gaisuwa maƙwabta. Kafin la'asar allon ya haska da hoton marigayiya Innarmu, manyan haruffan da na saita wa Baba suna nan, littafin yana inda na ajiye shi. Baba ya shafa allon da yatsa, ya dafa kan auta ya yi ta sa masa albarka.

Na yi murna, wallahi na yi. Amma a ƙasan murnar akwai wani abu mai ɗaci. Daga ranar, duk wanda ya shigo gidan sai Baba ya ba shi labari: littafinsa ya mutu, ɗansa na Ajingi ya raya shi. Gwaggonmu ta zo daga Toranke, ina zuba mata fura ina jin labarin karo na biyar. Ba a ambaci Asabar ɗina ko ɗaya ba. Ni da nake shan rana a motar haya, ga ciwon baya, ga yatsu suna sagewa, wai awa ɗaya ta mutumin da ya zo ya ci dambu ta rinjayi shekarata biyu.

Sai da na zauna ci gaba da aiki na lura: kwamfutar ta dawo ne yadda take ranar da auta ya yi kwafin. Babi uku na ƙarshe, na wata huɗun nan, babu su. Ina jin kunyar faɗa, amma daɗi na ji. Na je na sanar da Baba da murya mai sanyi.

"To, ai aikin auta bai cika ba. Babi uku sun tafi."

Ban faɗa masa cewa littattafan da na rubuta da biro suna cikin akwatina a Gaya ba. Shi ya ɗauka yar da su nake yi idan na gama bugawa. Ina so ya ɗan ɗanɗana rashin, ya san ba faifai ne ya rubuta littafin ba.

Asabar ta gaba ya ce mu sake babi ukun daga farko. Ya fara babin wani tsoho da ya koya masa gane ƙasar da za ta karɓi gyaɗa ta hanyar murza ta a hannu. Ya zo kan sunan tsohon ya tsaya. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Ya kira sunaye biyu ya ce ba su ba ne. Watanni kaɗan baya ya faɗa min sunan har da na mahaifin tsohon.

"Uwata, kaina ya fara zubar da su," ya ce.

Na ajiye biron. Washegari na dawo da littattafan a leda, na ce na same su a ƙasan akwati. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sau ɗaya ya faɗa, sannan ya ce in karanto masa sunan tsohon. Na karanto, ya maimaita shi a hankali.

Da na gama buga babi ukun, na tafi Ajingi da laftof ɗin, na sami auta a ofis na ce ya koya min yin ajiyar da dawo da ita. Ya ba ni kujerarsa, ya tsaya a bayana yana nuna min.

"Yaya, ai ke kika yi aikin. Ni kwafa kawai na yi."

Na so a ce gadara ya yi min, da na samu abin riƙewa. Na ce masa ya maimaita wajen da ake zaɓar faifai, ban gane ba.