Dutsen Lasa a Turmin Inna

Cikina na fari ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi. Maigidana ya ɗauko ni daga Kazaure ya sauke ni a ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa, ya gaida mahaifiyata daga zaure, ya juya. Ina shiga tsakar gida na yi kiciɓis da rago a turke, fari mai baƙin kai. Inna tana durƙushe gabansa tana dama masa dusa da hannu. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kin iso? Ga ɗaki can," ta koma kan ragonta.

Na ji haushi, kuma na san bai kamata in ji ba. Ni ce 'yar fari, a gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba ta wasa ba ce. Inna ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane. Ƙannena su hau cinyarta, ni kuwa a ɗakin kakata na girma. To tun da labarin cikin ya je mata ta ware ɗan ragon nan daga tumakinta, ta aika wa maigidana cewa kada ya kuskura ya sayi ragon suna. Uba ne ke kawo rago, kowa ya sani, amma wa zai ja da surukarsa? Mutane suka ce ai ɗokin jika ne. Ni dai na san wadda ke cin naman ragon suna: mai jego. Ni Inna take so ta ciyar, kuma ba ta da wata hanya sai wannan.

Inna gwanar kiwo ce, kuma duk kiwonta a kan kanwa ya tsaya. Takan ce tunkiyar da ba ta sha kanwa za ka gan ta tana lasar bango tana cin ƙasa, in an yanka naman fari fat, sai ruwa, ana zuba shi a mai ya tsuke ya koma rabi. Wadda ta sha kanwa kuwa namanta ja ne, tsokar a ɗaure, ka soya ka ajiye ya daɗe bai canza ba. Ban san abin da masu karatu za su ce ba, amma na ci naman kiwonta na ci na wasu, kuma da bambanci. Yadda take yi shi ne ta daka jar kanwa a turmi, ta jiƙa, ta tsiyaye ruwan a cikin dusa. Haka uwarta ta yi, haka ita ma ta taso tana yi.

Kafin in zo, Kawu, ƙanen Inna da ke fatauci a Babura, ya kawo mata tsaraba. Wani jan dunƙule ne mai nauyi kamar bulo, da rami a tsakiya, ya saya a hannun mutanen Nijar. Ledar da aka naɗe shi duk Faransanci ne, sai hoton kan saniya. Ya ce sunansa dutsen lasa, ya fi kanwa nesa ba kusa ba, a rataye wa rago ya riƙa lasa.

Inna ta rataye. Rago ya lasa kaɗan ya kau da kai. Nan fa ranta ya ɓaci.

"Wannan lashe-lashen yaushe zai shiga jiki?" in ji ta. "Abu kamar mai ɗanɗanar miya!"

Ta sauke dutsen ta fasa da taɓarya, ta daka shi lilis, ta jiƙa kamar kanwa. Safe da yamma sai ta ɗibi garin da ludayi ta dama masa a dusa. Da ya ƙare ta aika Kawu ya kawo wani, shi kuma ya ɗauka lasa ragon ke yi, har yana yaba masa. Na zauna ina kallonta tana wannan aiki kullum, ban ga aibun komai ba. Wallahi ragon ya yi kyau, gashinsa na sheƙi, maƙwabta na leƙowa suna cewa tubarkalla.

Na haihu lafiya, namiji. Aka shiga wankan jego da kunun kanwa, gida ya cika da 'yan barka. Ana jibi suna da safe ragon ya ƙi dusa. Ya tsaya kai a ƙasa yana cizon haƙori. Zuwa azahar fitsarinsa ya koma kamar zoɓo. Inna ta buɗe idonsa da yatsa, sai ga shi rawaya kamar mai ciwon shawara. Ta ce zafi ne, ta ƙara masa ruwan dutsen. Ya ƙi sha.

Maigidana ya zo da yamma, ya ga halin da ake ciki, washegari ya dawo da likitan dabbobi a bayan babur. Likitan ya duba ido da dasashi, ya tambayi abin da ake ba shi. Inna ta kawo ragowar garin a ƙwarya, da ledar. Ya juya ledar ya duba rubutun da hoton.

"Inna, wannan na shanu ne," in ji shi. "Akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki. Saniya na ɗaukarsa da yawa, tunkiya kuwa kaɗan take bukata. In ya yi yawa sai ya taru a hanta, dabba tana ƙiba ba a san komai ba, rana ɗaya ya fashe cikin jini. Ko lasa ce ban so a ba rago wannan ba, balle a daka."

"Kanwa ma dakawa nake yi," in ji Inna.

"Kanwa daban, Inna."

Ta tambaye shi ko zai kai gobe. Ya ce mai yiwuwa ya kai, mai yiwuwa a wayi gari ya zama mushe.

Daga ɗaki nake jin su, jariri a cinyata. Na san lissafin da take yi, domin ni ma shi nake yi. In an yanka yau, ba ragon suna ba ne. In an bar shi ya kai gobe, marar lafiya ne, malam ba zai yarda a yi suna da shi ba, sai dai in an ɓoye masa. Kawu ya iso a lokacin, duk ya rikice, ya ce a bari a gani, wa ya san ikon Allah.

Inna ta daɗe tsaye da hannu a bayan ragon. Sannan ta sunkuya ta kwance igiyar da kanta ta miƙa wa Kawu.

"Ku yanka shi yanzu, kada ya wahala. Ba a raɗa wa yaro suna da ƙarya."

Aka yanka a bayan gida. Ban fita ba, amma Kawu ya faɗa mini abin da suka gani. Kitsen rawaya, tsokar ta yi wani irin duhu, hanta tana marmashewa a hannu, ƙoda baƙi ƙirin. Likitan ya ce kada a ci ko loma ɗaya. Inna ta je ta duba da idonta, ta taɓa cinyar ta danna, ta ce a haƙa rami. Kiwon wata da watanni aka rufe da ƙasa, har fatar ba ta bari an cire ba.

Maigidana ya shiga neman rago a ranar, ya samo wani ɗan madaidaici a Roni. Da shi aka yi suna. Inna ce ta soya naman, kuma yadda ta saba faɗa haka ya yi, ya saki ruwa ya tsuke a kasko.

Da la'asar, mata sun ragu, ta shigo ɗakina da kwano. Ta ajiye shi kusa da ƙafata ba ta dube ni ba, ta ɗauki jaririn ta zauna a bakin gado. Da jika babu kunya, sai ta hau yi masa tsiya irin ta kaka.

"Angona, ka ga aikin matarka ko? Garin gyara na kashe maka rago." Ta gyara masa zani. "Kai dai ba ruwanka, ko haƙori ba ka da shi. Uwarka na yi wa. Tun da na haife ta ban taɓa ba ta abu hannu da hannu ba. Na ce wannan karon ta ci na kiwona, jininta ya dawo. Allah bai yi ba."

Duk maganar nan da jaririn take yi, ni kuwa ina zaune kamu ɗaya daga gare ta. Na jawo kwanon na fara ci. Naman ba ɗanɗano, ga tauri, amma ba ta tashi ba sai da na cinye shi tas.