Ɗakin da Sarki Ya Toshe da Laka

Kakata Jumma ba ta yin tatsuniya sai an gama kai hatsi rumbu. A Ibohamane muke lokacin, gidanmu na gindin dutse. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna, don ba mai son ya zauna ta wajen duhu. Yawancin labaranta na dariya ne. Guda ɗaya ne nake tsoro, kuma shi na fi roƙonta.

"Ku matso," takan ce. "Wagga ba a yin ta da ƙarhi."

Wai a wani tsohon gidan sarauta na Adar an yi sarki mai ɗa guda, sunansa Alasan. Yana saurayi ya shiga rijiya tare da masu yasa, ƙasa ta rufta da shi. Baƙin ciki ya juya wa sarki kai. Ya sa aka toshe ƙofar ɗakin yaron da laka, kayansa duka suna ciki, aka kuma yi shela: duk wanda ya ambaci sunan ko ya yi masa kuka, ya bar garin.

Gari ya yi tsit. Amma kullum da safe sai a tarar da lakar ƙofar a jiƙe sharkaf, ga shi tsakiyar rani. A sake yaɓe, ta sake jiƙewa. Dogarai suka daina bi ta wajen.

Daga nan abin ya fito daga fada ya shiga gari. Wata mata ta ɗaga hannu za ta yi wa marigayi mijinta addu'a, sunansa ya ƙi zuwa. Liman ya nemi sunan mahaifinsa ya rasa. Mutane su je maƙabarta su tsaya kan kabari, sun san nasu ne, amma ba su san wa ke ciki ba.

A nan Kaka takan bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wani maraice ta juyo ta kafe ni da ido.

"Kai, mi as sunan kakanka da yar rasu?"

Na san shi sarai. Amma harshena ya yi nauyi, kaina ya zama fayau, na ji sanyi yana hawa bayana duk da wutar da ke gabana. Na fashe da kuka, sai ga sunan ya fito: "Mamman! Mamman ne!"

"To," ta ce a hankali, "bai kawo gare ka ba tukuna."

Uwar Alasan ce ta kawo ƙarshen abin. Ɗan farinta ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, a zuci kawai take riƙe da shi. Wata safiya ta laluba zuciyarta ta ji rabin sunan ya tafi. Ta ɗauki taɓarya ta nufi ɗakin, ta dinga dukan lakar har ta zube. Sarki ya taso a fusace. Ya same ta a ciki, ga takalman yaron, ga rigarsa a kan igiya, komai a bushe. Ta buɗe baki ta kira sunan da ƙarfi. Sarki ya durƙushe a bakin ƙofa yana kuka, garin duka ya ɗauka, kowa yana kiran nasa. Tun daga ranar ba a sake sa wa ɗakin ƙyaure ba. Wanda aka yi wa rasuwa yakan shiga ya faɗi sunan mamacinsa, ya yi addu'a ya fito.

Ina yaro, bangon nan mai jiƙewa nake tsoro. Sai da na girma na gane inda tsoron yake. Ƙanena Illa ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, a Abijan, ya rasu can, can aka binne shi. Ba wanda ya kafa mana doka, mu da kanmu muka daina ambatonsa gaban Inna don kada mu tayar mata da ciwo. Shekaru suka wuce ina koyarwa a lakwal a Madawa. Rannan ɗiyata ta ga hotonsa a wayata ta ce, "Baba, wane na wanga?"

Sai na tuna maraicen nan a gaban wutar Kaka. Ranar hutu na hau moto na tafi gida, na zauna kusa da Inna na ce, "Inna, Illa nake ta tunawa."

Ta dube ni, hawaye na zuba.

"Ashe kuna tuna shi," ta ce. "Ni na aza ni ɗai na rage."