Malam Gwadabe, Mai Yasar Rijiya

Shekara talatin da huɗu Malam Gwadabe yana yasar rijiyoyin Tudun Wada. Kafin ya taɓa igiya sai ya yi alwala, ya zauna a bakin rijiya shiru, har zuciyarsa ta kwanta. Ranar da ya fito gida da ɓacin rai, ba ya shiga, ko wa ya roƙa.

Bara, a gidan Hajiya Lauratu, ɗanta Ilyasu ya zura injin jan ruwa mai fetur cikin rijiya, ya bi shi don gyara tiyo. Hayaƙi ya cika ramin. Aka yi ta kiransa, shiru.

Gwadabe ya iso ya tarar da gida a hargitse. Bai leƙa ba. Ya kunna aci-balbal, ya zura ta da igiya. Ba ta kai rabi ba ta mutu.

Kailani, yayan Ilyasu, ya fizge igiyar. "Baba, ƙanena na mutuwa kana wasa da fitila?"

"Saki. In ka shiga, gawa biyu zan fitar. Ku ba ni lema."

Ya buɗe lemar, yana zura ta yana jawowa don ya kori hayaƙin. Hajiya ta durƙusa tana salati. Maƙwabta suka fara zaginsa. Waɗanda ke kusa sun ga leɓɓansa na motsi, idonsa bai bar igiyar ba. A karo na uku da ya zura fitilar, wutar ta kai ƙasa da ranta. Sannan ya sauka.

An jawo Ilyasu da sauran numfashi. Kwanansa biyar a asibiti.

Daga baya Hajiya ta ce masa, "Malam, kai ba ka tsoro ne?"

"Kullum, Hajiya. Amma in kina ruku'u, ai ba kya tunanin sujada. Haka nake bin ramin, taki ɗaya ɗaya."

Kai ne ka tsaya lokacin da kowa ke gaggawa, Malam. Kai ne ka ɗauki zagi don kada Hajiya ta binne 'ya'ya biyu rana ɗaya. Mun gode, Allah ya saka.

Bana gwiwa ta zaunar da shi. Rijiyoyin suna nan, injinan sun ƙaru, kuma babu wanda ya koyi aikin a hannunsa. Yana ƙofar gidansa bayan La'asar. Matasan unguwa, ku je ku zauna gabansa tun yana iya magana.